Keken Jagora

Lokacin da nake aiki a masaƙa a Kano, mu mutanen yammacin jiha mun fi kama haya a wajajen Kabuga da Ɗorayi. Ɗakuna sun fi sauƙi a can, kuma nan ne bakin hanyar gida. Ni daga Gwarzo na zo. Akwai 'yan Kabo, akwai 'yan Getso, akwai na Ƙaraye. Kusan kowa yana da keke, don da shi muke zuwa aiki.

Ran Lahadi ba a aiki. Da farko kowa kwanciya yake yi ko wanki, har wani dattijo da ke kula da injinan saƙa a sashenmu ya ce zaman ɗaki yana kashe jiki, mu riƙa fita yawo a kan kekunanmu. Mutumin Unguwar Tudu ne, dogo, ba ya son yawan magana. Da yake shi ne kullum a gaba, sai muka laƙaba masa Jagora, har sunansa na yanka ya ɓace a bakinmu. Idan muna gabansa kuwa Baba muke ce masa.

Mukan haɗu a Ƙofar Kabuga da hantsi. Wata rana mu zagaye ganuwa, wata rana mu miƙa Rimin Gado mu sha fura mu dawo, wata rana mu gangara bakin kogin Challawa mu wanke kekunan. Da tafiya ta yi tafiya, sai ga 'yan wasu kamfanonin sun shigo, da teloli, da wani malamin firamare. Idan muka jero a titi, masu shaguna fitowa suke su kalle mu. Jagora yana da usur a wuya, kuma dokokinsa ba su da yawa. Ba a wuce shi, ba a barin wanda ya yi faci shi kaɗai, kuma ko a ina lokacin salla ya same mu sai a tsaya. Bayan an yi girbi mukan yi babbar tafiya har gida, mu kwana a garuruwanmu mu komo.

Kekunanmu duk baƙaƙe ne, nasa ne kaɗai kore. Ya naɗe kan da roba ja da fara, ya sa ƙararrawa biyu da madubi, ya yi wa sirdin riga ta fata. Akwai tsumma a ƙarƙashin sirdin da yake goge shi da shi duk inda muka tsaya. Bai taɓa sa masa kwaɗo ba. Yakan ce wanda ya ɗauki wannan keken ina zai kai shi.

Wanda ya fi mu iya hawa kuwa wani ne daga Gammo, a ƙasar Kabo, da ke aiki a sashen rini. Ɗan Gammo muke ce masa. Hannunsa kullum da launi har wuyan hannu, yau shuɗi gobe ja, ko sabulu ba ya fitar da shi. Yakan saki kan keke ya harɗe hannuwa yana kwaikwayon muryar manajanmu, mu yi ta dariya har wani ya kusa faɗawa kwata. Shi ne mai sayo rake ya ɗauro a kariya ya raba wa kowa. Ni da shi ɗakunanmu suna kallon juna, kuma matarsa da tawa tare suke girki.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, wuta ta daina zuwa, atamfar waje mai araha ta cika kasuwar Kwari. Aka fara da rage mana kwanakin aiki, daga nan aka sallami sashe guda, wata safiya kuma muka je muka tarar da ƙofa a garƙame, mai gadi yana ce mana shi ma bai san komai ba. Mun yi 'yan watanni muna zarya. Da haya ta gagara, kowa ya ɗaure kayansa ya koma inda ya fito.

Ni na yi sa'a, mahaifina yana da rai kuma gonarmu tana nan. Jagora ma ya koma Unguwar Tudu ya kama noma da kiwon tumaki. Ɗan Gammo ya tarar an raba gonar gidansu tun yana birni, abin da ya faɗo masa wani ɗan fako ne da ko gyaɗa ba ta yi a cikinsa sai da taki, taki kuwa ya fi ƙarfin talaka. Damina ta biyu ya sayar da kekensa.

Duk da haka ba mu watse ba. Jagora ya ce mu riƙa haɗuwa duk wata, yau a garin wannan gobe a garin wancan, mu da muke tsakanin Gwarzo da Kabo. Yawon ya rage armashi. Tayoyi duk faci a kan faci, ba mai sayen rake, kuma sau da yawa tafiyar takan zama ta ta'aziyya ko dubiyar marar lafiya. Ɗan Gammo yakan zo a ƙafa har bakin titi ya jira ni, shi ya tuƙa ni in zauna a kariya. Yana wasa har lokacin, amma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Da aka sa ranar ƙaddamar da Shari'a a Kano, Jagora ya aiko wa kowa cewa a kan keke za mu je. Farkon damina ne. Muka tashi bayan asuba, muna tafe mutanen ƙauyuka suna shigowa cikinmu da nasu kekunan, kafin mu kai Rimin Gado ban iya hango ƙarshen layin ba. Ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Mata suna fito mana da ruwa a bakin hanya. Ɗan Gammo ne ke tuƙa ni, yana ta kabbara har muryarsa ta dushe. A wani hawa ya waigo ya ce mini, “Daga yau waɗanda suka cinye mu za su yi bayani.” Haka ni ma na ɗauka, haka kowa ya ɗauka. Mun yi zaton masaƙa za ta buɗe, taki zai sauko, mai mulki zai ji tsoron Allah. Filin taron ya cika ya batse, ba mu ji ko kalma ɗaya daga bakin masu jawabi ba, amma mun dawo gida zuciyarmu fes.

Shekara ta zagayo, hatsi bai sauko ba. A rediyo kuma muka ji an yanke hannun wani a wata jiha ta Arewa saboda sata. A majalisa aka yi ta maganar, wasu na cewa haka ya kamata, wasu na yin shiru.

Cikin marka, lokacin da rumbuna suka ƙare sabon hatsi bai nuna ba, Jagora ya zo sallar Juma'a Gwarzo. Ya jingine kekensa a jikin katangar masallaci inda ya saba. Da aka idar ya fito, babu keke. Na same shi tsaye a wurin yana kallon katangar. Muka zagaya, muka tambayi masu sayar da goro da turare, ba wanda ya lura. Na ce in kai shi gida, ya ce a'a, ya taka da ƙafa.

Bayan 'yan kwanaki ina gona ina ciro ciyawa, sai ga wani a kan babur ya zo nemana. Ya ce an ga keken a kasuwar Getso, an kama wanda ya kawo shi, sarkin kasuwa yana son mai keken ya zo. Na tambaye shi ko waye. Ya ce shi bai san shi ba, wani ne ramamme. Na wanke hannu na je Unguwar Tudu na ɗauko Jagora a kariyata.

Tun daga nesa muka ga cincirindo a rumfar sarkin kasuwa. Aka buɗa mana hanya. Keken yana jingine a jikin dirka, da ƙararrawarsa biyu, da madubinsa, har tsumman yana ƙarƙashin sirdi. Ko robar kan ba a kwance ba. Dillalin da aka kai wa shi tsohon mai faci ne, ya sha gyara shi, yana gani ya gane. A ƙasa kuma ga Ɗan Gammo zaune, an ɗaure masa hannuwa ta gaba da igiyar awaki, hularsa ta faɗi, leɓensa ya fashe. Bai ɗago ya kalle mu ba.

Mutane suna ta magana a lokaci guda. Wani ya ce a wuce da shi gaban alƙali yau ɗin nan. Wani ya ce a ƙofar masallaci fa ya ɗauka, ranar Juma'a. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce Shari'a muka roƙa, ga ta ta zo, kada kowa ya ja da baya. Samarin sa-kai da suka kama shi suna tsaye da sanduna, ɗaya yana riƙe da bakin igiyar.

Sarkin kasuwa ya sa aka yi shiru. Suka gaisa da Jagora, gaisuwa mai tsawo kamar ba abin da ya faru, ya tambayi gida da damina. Sannan ya nuna keken.

“Malam, wannan naka ne?”

“Nawa ne,” in ji Jagora.

“Ka san wannan mutumin?”

“Na san shi. Tare muka yi aiki.”

“To kai ka ba shi? Ko aro, ko ka ce ya sayar maka?”

Na gane sarkin kasuwa ƙofa yake buɗe masa. Da ya ce e, magana ta ƙare. Na kalli Jagora ina roƙon Allah a zuciyata ya ce e.

“Ban ba shi ba,” ya ce.

Hayaniya ta sake tashi. Saurayin da ke riƙe da igiya ya fizge ta, Ɗan Gammo ya tafi kamar zai kifa. Jagora ya ɗaga hannu, irin yadda yake yi idan zai tsayar da mu a titi.

“Ban ba shi ba a da. Yanzu na ba shi. Ku duka ku shaida, keken nan nasa ne, halak malak. Ba ni da ƙara a kansa.”

Wani ya ce ai wannan wasa da hukuncin Allah ne. Sarkin kasuwa ya ce shi ba malami ba ne, ya aika aka kira wani malami da ke sayar da littattafai a bakin masallacin kasuwa. Malamin ya zo ya saurari kowa, ya tambaya ko an riga an kai maganar gaban alƙali. Aka ce ba a kai ba. Ya ce muddin ba ta kai can ba, mai kaya yana da ikon yafewa, kuma kyauta idan an yi ta a gaban shaidu ta tabbata. Ya ce a kwance shi.

Aka kwance shi. Mutane suka fara watsewa, wasu suna tsaki. Wani ya jefo totuwar masara ta same shi a kafaɗa. Ɗan Gammo ya rarrafo ya durƙusa gaban Jagora.

“Baba, ka ɗauki kekenka.”

“Ba ni da keke,” in ji Jagora. Bai kalle shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Ka raka shi gida, kada wani ya tare shi a hanya. Ni zan bi motar kasuwa.”

Muka fito ta tsakiyar kasuwa, ni ina tura nawa, shi yana tura koren, idon kowa a kanmu. Da muka bar gari na ce ya hau, tafiyar da nisa. Ya girgiza kai. Haka muka yi ta turawa, ta cikin gonaki, dawa ta kai kafaɗa, ko'ina kore shar amma ba abin da za a ci. Ruwa ya sauko ya jiƙa mu, muka fake a ƙarƙashin wata ɗorawa har ya tsagaita. A nan ne ya yi magana.

“Na san za a gane shi. Duk ƙasar nan wa bai san keken nan ba.”

“To me ya kai ka?”

“Shi kaɗai na san ba a kulle shi.”

Muka ci gaba da tafiya. Mun isa Gammo da la'asar sakaliya. Matarsa ta fito ta gaishe ni, ta ga keken, ta ga bakin mijinta, ta koma ciki. Ta ƙofar zaure na hango tukunya a kan murhu. Ganyen tafasa ne a ciki, ba ƙuli, ba tsaki, 'ya'yansu suna zaune a gefe suna jira. Ya shigar da keken zaure ya jingine. Na yi salla na kama hanya.

Da mutanenmu na yawo suka ji, muka haɗa abin da ya samu, gero da dawa, na kai Gammo. Ya karɓa ya yi godiya kansa a ƙasa. Na fi son da ya zage ni.

Ɗan Gammo ya sha tura keken har Unguwar Tudu. Yakan jingine shi a ƙofar gidan Jagora ya zauna a ƙasa. Jagora yakan fito su gaisa, ya sa a kawo masa ruwa, sannan ya ce ya tafi da kayansa. Ni ma na sa baki. Na ce, “Baba, mutumin nan ya tuba, kuma keken nan a zaurensa azaba ce. Ka karɓa ku huta.”

Ya ce, “A gaban jama'a na ce na ba shi, da maganar nan aka kwance masa igiya. Idan na karɓa yanzu, ka ga dabara na yi wa hukuncin Allah ke nan. Ba zan yi ba.”

Gaskiya ya faɗa, amma ina jin ba ita kaɗai ba ce. Tun daga ranar kasuwar Getso ban sake jin ya ambaci Ɗan Gammo ba, ko da alheri ko da sharri. Ya ceci hannunsa, amma bai sake yi masa murmushi ba. Ina tsammanin ya yafe abin da shari'a ta ba shi ikon yafewa, sauran kuma ya kasa.

Keken ya zauna a zaure. Ba mai sayensa, don duk dillalan yankin sun san labarinsa. Shi kuma bai taɓa hawansa ba. Yaran unguwa suka sa masa suna keken sata, suna leƙowa zaure su buga ƙararrawa su gudu. A masallacin garinsu, idan ya shigo, akwai masu tashi su je su duba takalmansu. 'Yarsa babba ta daina zuwa Islamiyya.

Yawonmu ma ya mutu. Wasu daga cikinmu suka ce Jagora ya tare wa Shari'a hanya, in kowa zai yi haka to me muka je yi Kano. Wasu suka ce abin da ya yi shi ne Shari'ar. Aka yi musu a kai a wani zaman makoki har aka kusa ɓatawa. Muka ce za mu haɗu mu sayo wa Jagora wani keken ko da na hannu ne, ya ce kada mu soma, ƙafarsa ta ishe shi. Mun gwada fita ba shi, muka tsaya a bakin titin Kabo kowa yana jiran wani ya shige gaba. Daga nan aka daina aiko da saƙon haɗuwa.

Da aka yi girbi Ɗan Gammo ya ce wa matarsa zai tafi ci-rani kudu. Bai yi mini sallama ba. Shekarar farko ya yi aike, wani ya ce ya gan shi yana tura baro a wata kasuwa. Daga baya labari ya yanke. Mun tambayi direbobi da masu kai shanu, wani ya ce ya ji an ce ya rasu a wani rikici, wani ya ce ya gan shi da rai a wani gari can gaba. Har yau ba wanda ya tabbatar. Matarsa ta yi shekaru ba ta san ko ita mai miji ce ko marar miji ba, tana daka da surfe a gidajen mutane.

Jagora ya ci gaba da zuwa Juma'a Gwarzo a ƙafa. Nakan gamu da shi a hanya in sauka in ce ya hau, wani lokaci ya yarda, wani lokaci ya ƙi. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ya koma dogara sanda, daga baya ya daina fita. Ya rasu da bazara, muka binne shi a Unguwar Tudu.

Ranar da aka zauna rabon gadonsa aka kira ni, don na san harkokinsa na Kano. Muna zaune a ƙofar gida da 'ya'yansa da malamin da zai yi rabon, sai ga ƙanen matar Ɗan Gammo yana turo keken. Tayoyin sun sace sun tsage, tsatsa ta ci sarƙar, madubin ya fashe. Ya gaishe mu ya yi ta'aziyya, ya ce yayarsa ce ta aiko shi. Alƙali ya raba aurenta, za ta koma gidansu, ta ce ba za ta shiga da wannan abin ɗakin mahaifinta ba, a mayar wa masu shi.

Babban ɗan Jagora ya ce a sa shi cikin gado, ai dama na mahaifinsu ne. Malamin ya ce ya ji an ce marigayi ya bayar da shi kyauta, akwai wanda ya shaida? Duk suka juyo suka kalle ni.

Na ce, “Ina wurin, Malam. Ya ce ya ba shi halak malak. Kuma daga baya an sha kawo masa ya ƙi karɓa.”

Malamin ya ce to ba ya cikin gado. Dukiyar wanda ya ɓata ce, a ajiye masa har ya dawo ko a tabbatar da mutuwarsa, sannan ta zama ta 'ya'yansa. Babban ɗan ya ce in haka ne a ɗauke musu shi daga ƙofar gida.

Ƙanen matar ya tsaya yana kallonmu, yana jiran wani ya ce wani abu daban. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi mana sallama, ya juya keken ya kama hanyar Gammo. Malamin ya gyara zama ya ce a kawo maganar tumaki.